Kifin Hajiya da Gidan Bakin Nilu

Ma'aikacin kwastan na filin jirgin Alƙahira bai gama zuge jakar Hajiya ba ya ja da baya yana toshe hanci. Bandar tarwaɗa ce ta Yauri, wadda ta sha hayaƙi har ta yi baƙi, an naɗe ta cikin takarda an ɗaure da tsumma. Tun a gida na yi ta roƙonta ta bar kifin nan, na ce ƙasar da za mu kogi ya ratsa ta, ba su rasa kifi ba. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa garin mutane hannu rabbana ba, kuma ba da tsufanta za ta fara ba. Mutumin ya dube ni, ya dubi furfurata, ya yi mana alama da hannu mu wuce mu ba shi wuri ya sha iska. Ni kunya ta kama ni, matata kuwa ta gyara lulluɓinta ta ja jakarta kamar ba a yi komai ba.

Zuwana Misra na biyu ke nan. Na farko ido ne ya kai ni. Na ƙare rayuwata ina aikin malamin gona tsakanin Shanga da Ngaski da Yauri, ina yin ritaya sai yanar ido ta rufe mini gani, har na daina gane mai gaishe ni sai ya yi magana. 'Ya'yana suka yi karo-karo suka tura ni aka yi mini aiki. Ranar da likita ya cire bandeji, tagar ɗakin tana kallon kogin Nilu, abin da na fara gani da sabon idona shi ne ruwa shimfiɗe da jirage masu farin ƙyalle suna tafiya ba ƙarar inji. Ni da aka haifa a bakin kogin Kwara, na ɗauka na gama ganin kogi, amma ranar sai da na yi hawaye. Ga asibiti a kusa, ga masallatai, ga wuta ba ta ɗaukewa, alhali mu da muke maƙwabtaka da madatsar Kainji a duhu muke kwana. Tun a gadon asibitin na ƙudura a nan zan sayi gida in ƙarasa sauran kwanakina.

Da na koma na karɓi garatutina, kuɗin sallamar aiki, na kuma sayar da fadamar shinkafata ta wajen Zamare. Hajiya ta yi kwanaki ba ta ce mini uffan ba a kan fadamar nan, kuma wanda ya san ta ya san shirunta ya fi faɗanta zafi. Duk abin da na tara a duniya ya koma cikin asusun banki guda, yana jiran in ce a tura.

Wanda ya tarbe mu shi ne Ustaz Bala, ɗan wajenmu ne da ya tafi karatu tun da daɗewa, karatun bai ƙare ba, shi ma bai dawo ba. Yana jin yaren mutanen kamar a can aka yanke cibiyarsa, kuma ba ya buɗe baki sai ya ce mini Baba. Na ce wa Hajiya mu gode wa Allah, da ɗan gari akan ci gari. Ya sauke mu a wani masauki can saman bene, na'urar hawa ta lalace, sai mu hau da ƙafa muna hutawa a kowane hawa, ni da gwiwa, ita da haki. Sanyi kuwa irin wanda ke shiga ƙashi ne, ga ɗaki ba wurin hura gawayi.

Na zo da taƙamar ina jin Larabci, don na yi shekaru a zauren malam ina karatun littattafai. Ranar farko da na je sayen burodi na jera wa mai shagon magana da cikakken wasali, ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ɗaga hannu ya ce amin, ya tambaye ni ko huɗubar ta ƙare. Mutanen shagon suka yi ta dariya, amma ya ƙi karɓar kuɗina, kuma daga ranar kullum sai ya ware mini mai zafi. Haka na same su, ga tsokana ga alheri. In muka shiga mota samari sukan tashi su ba mu wuri ba tare da an ce musu ba. Abin da ya fi burge ni, a matsayina na malamin gona, shi ne yadda ba sa barin ko taƙi ɗaya na ƙasar bakin ruwa ya zauna banza. Na tsaya ina kallon wani tsoho yana ban-ruwa a wata 'yar gona da ba ta fi tabarma goma ba, ya shuka abu kala huɗu a ciki, na tuna fadamunmu da ke kwance rabin shekara, na ji kunya a madadin dukanmu.

Hajiya ba ta ga abin da nake gani ba. Ita kewar gida ce ta dame ta. Takan zauna bakin taga da hantsi ta ce yau kasuwar Yauri ke ci, yanzu jirage sun fara isowa daga ƙetare da buhunan albasa. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne a haɗu da mutum a matakala, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya wuce ba ina kwana. Ta ce garin da ba a tambayar mutum gajiya, in ya mutu ma sai wari ya sanar.

Muka shiga yawon duba gidaje. A nan na fara gane cewa sayen gida a ƙasar wani ba sayen akuya ba ne. Wani gidan magada suna shari'a a kansa, wani an ƙara masa hawa ba da izini ba, wani kuma an ce an sayar wa mutum biyu kowa na riƙe da takardarsa. Ustaz Bala da kansa yake tona mini waɗannan, yana cewa ba zai bari a cuci ubansa ba. Kowane gida ya kushe sai amanata gare shi ta ƙaru. Yanzu da nake tunani, ban taɓa tambayar kowa komai ba sai ta bakinsa.

Sai ya kai mu gidan wani mutum mai suna Sabri, a wata unguwa can gefen birni. Bene ne mai hawa huɗu, an yi wa gabansa sabon farin fenti, sashen da za a sayar yana hawa na uku. Ina fita baranda na ga kogin nan a gabana, kusa har ina jin ƙamshin ruwa, da masunta biyu suna jan taru. Ƙafafuna suka ƙi komawa ciki. Da aka faɗi kuɗin sai na ga bai kai na gidajen da muka gani a cikin lungu ba. Ustaz Bala ya ce Sabri ya sami aiki a wata ƙasa, sauri yake yi.

Hajiya ta zagaya ɗakunan, ta leƙa kicin, ta dawo ta tsaya kusa da ni.

"Malam, ina ƙasar gidanga?"

Na yi mata bayani cewa a nan ba a sayen ƙasa, kowa hawansa yake saya, ƙasa ta kowa da kowa ce.

"To, sama munka zo saye ke nan," in ji ta. "Kuma arahag ga ba ta kwanta min ba. Ruwa ba ya tsami banza."

Na ce mata ta bar mini harkar maza. A wajenmu in za a sayi gida, ana kiran mai unguwa da dattawa biyu, a yi ciniki a gabansu, a shafa Fatiha, a raba goro, kuma ko jikan jikanka ba mai tayar masa da maganar. Na tambaya ina mai unguwa, Ustaz Bala ya yi dariya ya ce nan ba garinmu Yelwa ba ce. Ya ce takarda za mu rubuta tsakaninmu, rajistar gwamnati kuwa sai a hankali, haka kowa ke yi. Sabri ya kama hannuna muka karanta Fatiha tare. Ni a sanina wanda ya karanta Fatiha a kan ciniki ya gama magana. Na biya kafin alƙalami mai tsoka, aka sa ranar da za mu je banki in tura sauran, aka ba ni makulli.

A nan Hajiya ta kafa sharaɗinta. Ita 'yar gungu ce, a wani tsibiri na tsakiyar Kwara aka haife ta, cikin waɗanda ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogin, aka kwashe mutanensu aka zuba su a tudu. A al'adarsu, baƙon da ya zo zama ba ya kafa ko turke sai ya zaga gidajen maƙwabta da kifi a hannu, sun ci, sun sa albarka. Ta ce ba za ta kwana a gidan da maƙwabtansa ba su ci abin hannunta ba. Sai a lokacin na gane dalilin jakar da ta ba ni kunya a filin jirgi. Da na gaya wa Ustaz Bala sai ya ɓata fuska, ya ce kada mu kuskura mu dami mutane, za a raina mu. Hajiya ta ce ba shi ya aure ta ba. Washegari muka tari tasi mu biyu, karo na farko da muka fita ba tare da shi ba.

Na bi ta a baya ina riƙe da jaka kamar ɗan dako. Ƙofa ta farko aka leƙo ta 'yar huda aka ƙi buɗewa. Ta biyu wata mata ta karɓa da yatsa biyu, ta rufe ƙofa kafin in gama huɗubata. Na ce wa Hajiya ya isa haka, mun zubar da girmanmu. Ta ce saura ƙasa. A hawan ƙasa wata tsohuwa ce ta buɗe, gajeruwa, cikin baƙaƙen kaya, ido ɗaya ya yi fari irin yadda nawa ya taɓa yi. Ta dubi kifin, ta shinshina, ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ja Hajiya ciki. Ta nuna ƙirjinta ta ce Ummu Sabri. Ashe mahaifiyar mai sayar mana da gidan ce, kuma na ji daɗin haka, na ce wanda uwarsa za ta zama maƙwabciyarka ai ba zai cuce ka ba.

Tsohuwar ba ta san yadda ake yi da banda ba, tana ta juya ta a hannu kamar itacen wuta. Sai Hajiya ta tuɓe mayafi ta shiga kicin ɗinta, ta jiƙa kifin a ruwan zafi, ta cire ƙaya, ta yi dafa-duka da shinkafarsu da yajinmu. Aka zuba mini nawa a gefe, su biyu suka zauna a ƙasa suka sa hannu a faranti ɗaya. Yaji ya sa tsohuwar hawaye, tana fifita baki tana ƙara kai loma. Babu wadda ke jin yaren wata, amma sun yi hira har la'asar. Hajiya ta ƙirga mata 'ya'yanmu da yatsu, ita kuma ta nuna hoton mijinta marigayi a bango, ta bubbuga ginin da tafin hannu, wato shi ya gina. Da za mu tafi ta tambaye ni ko muna da wani gidan a ƙasarmu. Na ce mata cikin alfahari na sayar da gonata, na haɗa da kuɗin sallamar aikina, duk na zuba a nan. Ta dube ni, ba ta ce Allah ya sa albarka ba.

Ranar zuwa banki muka riga su Sabri isa gidan, don Hajiya ta ce za ta karɓo tukunyar yajin da ta bari. Na hau sama na tsaya a barandata, haka nake kiranta a raina, ina tsara inda zan ajiye kujera. Hajiya ta daɗe. Can sai na ji takunta a matakala, ta tsaya a bakin ƙofa tana haki.

"Malam, sauko ka gani."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba tun rasuwar mahaifiyarta. Na bi ta muka ratsa kicin ɗin tsohuwar, muka fita ta wata ƙaramar ƙofar baya da ban san da ita ba, muka faɗa wani siririn lungu. Ummu Sabri tana tsaye a wurin. Ta ɗaga hannu ta nuna bango. An zana wata ƙatuwar alama da jan fenti, da lamba a ƙarƙashinta. Gidan da ke kusa ma haka, da na gaba da shi, har ƙarshen layin, inda na hango tarin ɓaraguzai da manyan ginshiƙan kankare. Kullum ta gaba Ustaz Bala yake kawo mu, ta wajen farin fenti.

Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ta gane.

"Irin wanga fenti anka shafa ma ɗakin innata kahin ruwa shi zo," in ji ta. "Ina ƙarama, amma ban mance ba. Mutane sunka zo cikin jirgi da gwangwani, suna bi ɗaki ɗaki. Gidanga tashi za a yi, Malam."

Na juya ga tsohuwar da Larabcin zaurena, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta yi mini magana a hankali yadda zan fahimta. Babbar hanya za a fitar ta bakin kogi, layin nan duka zai tafi. Diyya kuwa ta waɗanda aka rubuta sunayensu ce ranar da aka shafa fentin, baƙon da ya zo daga baya da takardar hannu ba abin da zai samu. Diyyar ba za ta saya musu wani gida ba, shi ya sa ɗanta ya nemi wanda bai san gari ba. Kuɗina ne za su zama matsuguninsu, ita da jikokinta, kuma ta san haka sarai lokacin da ta kama hannun Hajiya ta fito da ita lungun. Na jingina da bangon, jan fentin yana saman kaina. Na tambaye ta me ya sa ta gaya mana.

"Ɗana ne, ina sonsa," in ji ta. "Amma na ci abinci da matarka a faranti ɗaya. A wajenmu wanda kuka ci gishiri tare ba a cin amanarsa."

A nan Sabri da Ustaz Bala suka same mu. Ustaz Bala yana ganin inda muke tsaye ya ce bari ya gyara fakin mota, kuma rabona da shi ke nan har yau. Sabri ya hau faɗa da uwarsa yana buga hannu a bango, ya ce ta kashe su, ta zaɓi baƙi a kan jininta, ina za ta kwana in an zo da katafila. Tsohuwar ta jawo wani tsohon bokiti ta kife ta zauna a kai, ta bar shi ya gaji don kansa. Sannan ta ce masa ubansa da halal ya gina gidan nan, ba za ta yarda a rushe shi da haram a cikinsa ba. Ƙaton mutumin nan ya durƙusa a lungu ya rufe fuska da hannu. Na so in ji haushinsa, amma na kasa kaiwa ƙarshe, don na ga abin da tashin gida ya yi wa surukaina, dattawa masu mutunci da suka koma rigima a kan kwanon rufi.

Kafin alƙalamina ya tafi. Sabri ya ce rabi yana wajen Ustaz Bala, rabi ya biya buƙatu. Wani lauya da mai burodi ya haɗa ni da shi ya ce ina iya kai ƙara, sai dai shari'ar za ta fi bizata tsawon rai, ta yiwu ta fi ni ma. Ya ce in gode wa Allah da ban je banki ba, don ya ga baƙi irina da suka je. Na gode. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, ni kuwa da kuɗi na sayi nawa idon a garin, bai hana ni makanta ba.

Kafin mu taso muka koma yi wa Ummu Sabri sallama. Hajiya ta juye mata duk sauran kifin da yajin, ita kuma ta cire baƙin mayafin da ke kafaɗarta ta yafa wa Hajiya. Na ciro wani abu daga aljihu zan ba ta, ta ture hannuna, ta harare ni da idonta mai gani har sai da na mayar. Suka rungume juna suna kuka, kowacce tana addu'a da yarenta. Na yi aiki da manyan mutane, na zauna gaban malamai, amma ban taɓa jin na ƙanƙanta a gaban wani ba kamar yadda na ji a gaban tsohuwar nan.

Wanda ya sayi fadamata ya ƙi mayar mini, kuma ban ga laifinsa ba, da Fatiha muka yi ciniki. Da abin da ya tsira na gina ɗan madaidaicin gida a kan tudu a Yelwa, inda in na zauna ƙofar gida da yamma nakan hango ruwa da jiragen ƙetare. Wuta tana nan tana ɗaukewa yadda ta saba. Bayan wani lokaci wani ɗan ƙanena da ke karatu a can ya je unguwar da kwatancen da na ba shi. Ya ce babu layin, hanya ce shimfiɗe motoci na gudu a kai, kuma duk wanda ya tambaya bai san inda aka kai Ummu Sabri ba.

Duk da haka, kowace shekara in kifi ya yi kyau, Hajiya takan zaɓi manyan tarwaɗa ta banda su da kanta, ta naɗe ta ɗaure da tsumma, ta ce rabon maƙwabciyarta ne. Duk ɗalibin da ta ji zai tafi Misra sai ta aika a kira shi, ta ba shi ƙullin, ta yi masa kwatancen bene mai farin fenti a bakin kogi, ƙofar hawan ƙasa. Na san yaran nan ne ke cinye kifin a ɗakunansu, ita ma ta sani, ta ce su ci su yi wa tsohuwar addu'a. Bana da na ga tana ɗaure wani ƙullin, sai na ce mata ta daina wahalar da kanta da yaran mutane, gidan nan fa babu shi.

Ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da ƙulla tsummanta.

"Gungunmu ma babu shi, Malam," in ji ta. "Amma in anka tambaye ni, can nika cewa ni hito."